Kafin ku zuba kuɗin adashinku a injin CNC: yadda zanen kwamfuta ke zama hanyar da inji zai bi

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 2020, ta kuma ƙara ɗaure dokar a watan Yunin 2022, 'yan uwanmu da dama suke ta laluben sana'ar da za su kama. Wasu sun koma dako, wasu kayan gwari, wasu sun tattara nasu ya nasu sun dawo gida. Yanzu kuma maganar da ke yawo a tsakanin matasanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan ita ce ta injin CNC, injin nan da ke sassaƙa ƙofa da kan gado da allon talla shi kaɗai, mutum na tsaye yana kallo.

Daga mazaɓar Barade a cikin garin Jalingo nake wannan rubutu, kuma abincina a wannan harkar yake. Ina zama gaban kwamfuta ina shirya wa irin waɗannan injuna hanyar da za su bi, sannan in tura fayil ɗin ta WhatsApp zuwa shagunan Legas da Ibadan da Fatakwal, can ake yankawa. To saƙon da ya fi zuwa mini kwanan nan shi ne: “Malam, mu biyar muka haɗa kuɗi za mu sayo inji daga China, me ka gani?” Abin da na gani shi ne yawancin masu tambayar sun ɗauka hoto ake nuna wa injin ya sassaƙa. Da haka abin yake da kowa ya huta. Tsakanin hoton da ƙofar akwai wani aiki da ba a gani a bidiyon talla, kuma a nan riba take, a nan asara take.

Aikin hawa uku ne. Hawan farko zane, wanda ake kira CAD: a gina siffar abin a kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Hawa na biyu shi ake kira CAM: a ɗauki wannan siffa a fitar da hanyar da bakin yanka zai bi. Na uku ne injin kansa. Zane yana gaya maka yadda ƙofa za ta kasance idan an gama, amma bai ce komai ba a kan yadda za a kai can. Kamar ka miƙa wa direban tirela hoton kasuwar Mile 12 ne ka ce ya kai kaya daga Jalingo. Hoton bai gaya masa ya bi ta Wukari da Makurɗi ba, bai nuna masa inda zai sha mai ba, balle gadar da ba za ta ɗauki nauyinsa ba. Duk wannan aikin mai CAM ne.

Shi inji bai san fure ba, bai san ƙofa ba. Lamba uku kawai ya sani: X, wato hagu da dama, Y, gaba da baya, Z, sama da ƙasa. Ka ba shi lambobin nan uku ya kai bakinsa wurin, ka ba shi wasu ya matsa. Ko hanyar ta ratsa ta kan ƙusa ko ta kan ƙarfen da ya riƙe katakon, bi zai yi.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta a jihar Mishigan ta Amurka, John Parsons, tare da injiniyansa Frank Stulen, suna ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Sai suka riƙa lissafa ɗigo-ɗigon lanƙwasar fiffiken da injin lissafi mai aiki da kati mai huji, ana karanta wa ma'aikata lambobin suna murɗa hannun inji. Rundunar sojan saman Amurka ta saka kuɗi a ciki, a 1952 kuma jami'ar MIT ta nuna injin da ke karanta lambobin da kansa daga wani dogon tef mai huji. Nan take aka gane cewa wahalar ba a injin take ba, a rubuta lambobin take, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1950 ayarin Douglas Ross a MIT ɗin suka fito da yaren APT don kwamfuta ta riƙa yin lissafin hanyar. Wato shekara saba'in ke nan da aka san inda gizo ke saƙa, amma har yau mai sayen inji sai ya kawo shi shago yake gano haka.

Yaren da injunan ke ji a yau ana ce masa G-code. Ga ɗan guntu, don ku ga ba wani tsafi ba ne:

G21
G90
M3 S18000
G0 X0 Y0 Z5
G1 Z-3 F600
G1 X200 F3000
G0 Z5
M5
M30

Layin farko ya ce da milimita za a yi awo. Na biyu ya ce duk lamba daga wuri guda ake ƙirga ta, wato sifili. Na uku ya kunna motar da ke juya baki a kan juyi 18,000 a minti. Sai baki ya ruga zuwa sifili yana milimita 5 sama da katako, ya nutse milimita 3 a hankali, ya yi tafiyar milimita 200 yana yanka da gudun milimita 3,000 a minti, ya ɗaga, ya tsaya. Tsagi ɗaya miƙaƙƙe ke nan. Ƙofa mai furanni kuwa tana iya cin layi dubu ɗaruruwa irin waɗannan, kun ga ba abin da mutum zai zauna ya rubuta da hannu ba ne. Manhajar CAM ce ke rubutawa, amma kai ne za ka gaya mata da wane baki, da wane zurfi, da wane gudu, daga ina zuwa ina.

Fayil ɗin da aka turo maka

Matsala ta farko daga nan take farawa. Mai ƙofa zai turo maka hoton da ya ɗauko a Facebook ya ce irin wannan yake so. Hoto ba shi da zurfi, sai an zauna an gina siffar daga tushe, kuma wannan aikin wuni ne ko kwanaki, dole a sa shi a cikin kuɗin aiki. Idan kuma fayil na gaske aka turo, yawanci ɗaya daga cikin uku ne. DXF layuka ne a shimfiɗe, ya dace da yanka haruffa da gutsattsarin kabad. STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, yana lulluɓe siffar ne da ƙananan kusurwa-uku kamar an ɗinke ta da ƙyallaye. Idan ƙyallayen manya ne, da'irar da ka yanka za ta fito da gefe-gefe kamar goro, kuma babu samfefar da za ta ɓoye wannan. STEP shi ne mai riƙe ainihin lanƙwasa da ainihin awo, shi nake nema duk lokacin da aikin na ƙarfe ne ko na abin da zai shiga cikin wani abu.

Wani abu game da STL: ba ya ɗauke da sunan ma'auni. Lamba 10 a cikinsa tana iya zama milimita 10, tana iya zama inci 10. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Fayilolin da ake saukowa da su daga shafukan Amurka galibi da inci aka yi su, saboda haka kafin komai sai a auna siffar a cikin manhaja a ga ko ta yi daidai da katakon da ke ƙasa.

Baki yana da kauri

Wannan ita ce gaɓar da nake so kowa ya riƙe. Layin da ke cikin zane ba shi da kauri, amma bakin yanka yana da shi. Injin tsakiyar baki yake ja. Idan kana son faifai mai faɗin milimita 100 ka sa baki mai kaurin milimita 6 ya bi kan layin daidai, zai ci milimita 3 ta kowane gefe, faifanka ya fito 94. Don haka manhaja takan matsar da hanyar da rabin kaurin baki: waje da layi idan abin da ke ciki kake so, cikin layi idan rami kake so. Mai koyo da ya juya waɗannan biyun ya ɓata allo guda.

Daga nan kuma wata ƙa'ida ta fito: baki mai zagaye ba ya iya fitar da lungu mai kaifi daga ciki. Baki mai milimita 6 zai bar lanƙwasa mai milimita 3 a kowane lungun rami. A kan ado ba komai. Amma idan ramin da ƙafar tebur za ta shiga ne, ƙafar mai kusurwa huɗu ba za ta zauna ba, sai dai a sa manhaja ta ɗan ƙara cin lungun, ko kafinta ya bi da kurfi ya gyara. Da yawa daga cikin rigimar da ake yi tsakanin mai inji da kafinta a kan “ba ka yanka daidai ba” daga wannan lungun take tasowa.

Bakunan da aka fi aiki da su a katako uku ne: mai shafaffen ƙasa na kwashe nama da yanke gefe, mai kai kamar ƙwallo na bin tudu da kwarin fure, da mai tsini kamar harafin V na rubutu. Tsarin aikin kuwa duk wanda ya taɓa zama wurin masassaƙin turmi ya san shi. Ba ya fara wa da wuƙa. Gatari yake sa wa ya zubar da yawancin itacen, ya koma gizago, sannan ya zo gyaran fuska. Haka CAM take. Hanya ta farko da babban baki, yana sauka hawa-hawa, misali milimita 4 a kowane zagaye, yana barin kamar rabin milimita a jikin siffar. Hanya ta biyu da baki mai ƙwallo, yana kai da komowa layi bayan layi yana share wannan ragowar. Wanda ya ce zai tsallake ta farko don sauri, ƙaramin baki zai nutse cikin katako mai kauri ya karye, kuma baki mai kyau ba araha gare shi ba.

Lissafin da ke raba riba da asara

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da masu sabon inji ba sa yi kafin su faɗi farashi.

Baki mai ƙwallo idan ya bi layi biyu kusa da juna, yana barin ɗan tudu a tsakaninsu, kamar kunyar gona. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ke nuna tsayin kunyar. Ɗauki baki mai milimita 6. Idan tazarar milimita 0.6 ce, tudun da zai rage kusan milimita 0.015 ne, hannu ma da ƙyar zai ji shi. Idan ka ninka tazarar ta koma 1.2, tudun ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, kusan 0.06. Idan ka kai ta milimita 2, ya haura 0.17, ido na ganinsa daga nesa, kuma yaron shago zai wuni yana gugar samfefa yana kashe wa furen kaifi.

To yanzu lokaci. A ce wurin adon ƙofar faɗinsa milimita 600, tsawonsa 1,500. Da tazarar 0.6, layi 1,000 ke nan, kowanne mita ɗaya da rabi, jimla mita 1,500. Idan injin na tafiyar mita 3 a minti, minti 500 ke nan, awa takwas da minti ashirin. Wannan fa hanyar gyaran fuska kaɗai, ban sa ta kwashe nama ba, ban sa canjin baki ba, kuma a zahiri ya fi haka, don injin yana rage gudu duk inda zai hau tudu ko ya sauka kwari. Da tazarar 1.2 kuwa awa huɗu da minti goma ne. Kun ga lamba ɗaya tak a cikin manhaja ta ɗauke awa huɗu na man janareta, ko ta ƙara su.

Ni a nawa ganin, ba kowace ƙofa ce ta cancanci 0.6 ba. Wadda za a shafa wa fenti mai kauri, 1.0 ko 1.2 ya ishe ta. Wadda za a bar ƙwayar katakonta a fili a shafa mata mai sheƙi, ita ce ke son layi matsattse, kuma mai ita ya biya. Akwai ma dabarar da ta fi: a bi duk fuskar da babban baki, sannan a sa manhaja ta nemo lungunan da bai shiga ba kaɗai, a bi su da ƙarami. Kuma wurin da yake a shafe, babu dalilin bin sa da baki mai ƙwallo ko kaɗan, mai shafaffen ƙasa zai share shi cikin mintuna. Na sha ganin fayil ɗin da aka sa inji ya yi awa uku yana lallaɓa fili fetal. Kowace manhajar CAM tana nuna kiyasin lokaci kafin a yanka. A duba shi kafin a buɗe baki a yi ciniki.

Sai gudu da juyi. Kowane haƙorin baki so ake ya ɗebi ɗan yanki mai kauri daidai a duk juyi. Lissafin mai sauƙi ne: juyi a minti, sau yawan haƙora, sau kaurin abin da haƙori ɗaya zai ɗiba. Juyi 18,000, haƙori biyu, kowanne milimita 0.1, ya ba ka milimita 3,600 a minti. Sabon shiga yakan ji tsoro ya rage tafiyar sosai ya bar juyin a sama, yana ganin lallaɓawa ce. Alhali a lokacin bakin ya daina yanka ya koma guga, zafi ya taru, katako ya yi baƙi, baki ya dakushe. Ka duba abin da ke fita: in ɓarɓashi ne kamar tsakin masara, lafiya, in gari ne mai laushi da warin ƙuna, ƙara tafiya ko rage juyi. Katako mai tauri irin maɗaci da loko ba a ba su zurfin da ake ba malaina ko MDF.

Abu na gaba sifili. Duk lambobin fayil daga wuri ɗaya ake ƙirga su, kuma dole ni da na shirya fayil a Jalingo da mai inji a Mushin mu yarda a kan wurin: kusurwar hagu ta ƙasa ce ko tsakiyar allo, saman katako ne ko kan teburin inji. Akwai wani shago da na tura wa fayil da sifili a kan tebur, na rubuta haka ɓaro-ɓaro, yaron da ke kan injin ya ɗauka a saman katako kamar yadda ya saba. Bakin ya huda allon ya shiga teburin. Shi ya sa masu hankali ke fara gudanar da sabon fayil a iska, baki na sama da katako, su ga inda ya nufa, kuma hannunsu na kusa da jan maɓallin tsayarwa. Haka nan abin da za a yanke ya rabu da allo, sai an bar masa 'yan gadoji ƙanana da za su riƙe shi, in ba haka ba yana kuɓucewa baki zai cafke shi ya wurgar.

Mataki na ƙarshe a kwamfuta shi ne tafinta. G-code yare ɗaya ne amma yana da karin harshe, kamar Hausar Kano da ta Sakkwato. Akwatin da ke sarrafa injin yana iya zama Mach3, ko NcStudio, ko na hannu irin RichAuto, ko GRBL a ƙananan injuna, ko Fanuc da Siemens a manyan na ƙarfe. A cikin manhajar CAM akwai ɗan fayil da ke juya hanyar zuwa karin harshen kowanne. In ka zaɓi wanda ba nasa ba, ko dai injin ya ƙi karɓa, wannan da sauƙi, ko ya karɓa ya fahimce shi a karkace. Tambayata ta farko ga duk wanda ya ce in yi masa fayil ita ce sunan akwatinsa.

Abin da injin ba zai yi ba

Inji mai X da Y da Z daga sama kawai yake zuwa. Duk abin da ke ɓoye ƙarƙashin wani abu, kamar cikin lanƙwasar ganyen da ya rufo, ba zai kai ba. Ƙafar gado ko ta kujera mai ado ta ko'ina tana bukatar ƙarin sashe mai juya katakon, ko a yi ta juya shi da hannu ana sake saiti. Masu motsi biyar suna nan, amma kuɗinsu da manhajarsu wani aji ne daban.

Kuma don Allah a bambance injin katako da na ƙarfe. Wanda ake kira 1325, mai tebur milimita 1,300 da 2,500 don ya ɗauki allon filawud mai ƙafa huɗu da takwas, wanda ake yawan ƙerawa a birnin Jinan na China, na katako ne da roba da MDF, sai ɗan alminiyon in an bi a hankali. Baƙin ƙarfe da baki na gama-gari mai milimita 10 juyin da yake so bai kai 1,000 a minti ba, ga shi yana son jiki mai nauyi da ba ya rawa. Motar 1325 an yi ta ne don juyi 18,000 zuwa 24,000. Duk dillalin da ya ce maka inji ɗaya zai yi ƙofa da safe ya yi giyar mota da yamma, riƙe kuɗinka.

Sai dai akwai wata ƙofa da injin katako ke buɗewa zuwa harkar ƙarfe, kuma ban ga mutanenmu sun kula da ita ba. Masu zubin tukwanen alminiyon, waɗanda Hausawa ne da yawansu a Kudu da Arewa, da samfuri suke danna yashi su fitar da gurbi. Injin CNC yana iya sassaƙa wannan samfurin da katako daidai wa daida, na murfin famfo, na fulin injin niƙa, na abin da aka daina shigowa da shi. Sharaɗi biyu ne a wajen zane: a ƙara girman da kamar kashi 1.3 cikin ɗari saboda alminiyon yana tsukewa in ya huce, a kuma ɗan kishingiɗar da bangon da digiri ɗaya zuwa uku don samfurin ya zare daga yashi ba tare da ya rushe shi ba. Wannan kasuwar ba ta cika ba kamar ta ƙofa.

Mu 'yan Taraba wannan magana tana taɓa mu ta wani wajen. Wanda ya bi hanyar Garba Chede zuwa Bali a tsakiyar shekarun 2010 ya ga yadda tireloli ke fita da gungumen madobiya, wadda a nan ake ce wa Madrid, zuwa tashar jirgin ruwan Legas, daga can sai China, inda ake yin kujeru da gadaje na alfarma da ita. Wasu cikin masu karanta wannan ma sun yi lodinta. An sa itacen a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES daga farkon 2017, a shekarar ne kuma ƙungiyar EIA ta fitar da rahoton da ya yi maganar gungume sama da miliyan 1.4 daga Najeriya, a 2018 aka ba da shawarar dakatar da cinikinsa daga ƙasar nan. Mun sayar da ɗanyen itace a farashin gungume, dajin ya tafi, kuɗin zane da sassaƙa ya zauna a wata ƙasa. Ba ina cewa a koma kan madobiya ba, ta sha wuya haka. Malaina da tik da ake shukawa sun isa a koyi aiki a kuma ci abinci.

Abin da da yawa ba su sani ba, har a cikin 'yan Jalingo, shi ne hukumar NASENI ta tarayya, wadda aka kafa a 1992, tana da cibiya a garin nan, AMTDI, ta bunƙasa fasahar ƙere-ƙeren zamani, kamar yadda take da HEDI a Kano da PEDI a Ilesa da NEDDI a Nnewi. Ga kuma Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008. Wanda ke Kudu maso Yamma, Ilesa ba nisa, haka Osogbo inda masana'antar Nigeria Machine Tools take. Yaron da ya gama sakandare yana zaune, ya je ya yi sallama a irin waɗannan wurare ya tambayi abin da suke da shi na horo.

Shawarata ga masu adashi: cikin ku biyar ɗin, mutum ɗaya ya fara koyon CAD da CAM wata shida kafin a biya kuɗin inji. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta isa. FreeCAD kyauta ce kuma tana da sashen CAM. Fusion 360 ta Autodesk tana da lasisin kyauta na mai koyo a gida, ba na kasuwanci ba. Aspire da VCarve na kamfanin Vectric na Ingila su ne suka fi sauƙi a aikin ado, na kuɗi ne, amma akwai na gwaji. ArtCAM da shaguna da yawa ke riƙe da ita an daina fitar da ita tun 2018. Duk suna nuna maka yadda katakon zai fito a allon kwamfuta kafin a taɓa ko sili ɗaya. In ya iya, ya kai fayil ɗinsa shagon wani ya biya kuɗin awa a yanka masa. Ƙofa goma a injin haya za su gaya muku ko akwai masu saye.

In kuma an zo sayen, a tambayi ko wutar layi ɗaya yake sha ko ta layi uku, a haɗa da injin zuƙe ƙura da famfon da ke tsotse allo ya manne da tebur, don shi wannan famfon sau da yawa ya fi motar yankan cin wuta. A tambayi ko akwatin yana tuna layin da ya tsaya in wuta ta ɗauke a awa ta shida. A tambayi inda za a samu baki da bel da mai gyara a cikin Najeriya. A sayi abin rufe hanci na kirki, domin ƙurar katako tana cikin abubuwan da hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar suna jawo cutar, ta MDF kuma ga gam a cikinta.

Katakon kansa ma a auna shi. Allon da ake sayarwa da sunan milimita 18 sau da yawa bai cika ba, na injin tsaga kuwa wani gefen ya fi wani kauri, saboda haka kowane allo a sa masa ma'aunin kauri a gyara lambar a fayil, ko a fara share fuskarsa da injin. Wanda kuma zai aiko da ƙofa gida daga Legas ya tabbatar katakon ya bushe tun kafin a ɗora shi a tebur. Wanda aka sassaƙa da ɗanyensa a damina, yana shan hunturun Jalingo na wata biyu zai tsage, kuma yawanci ta tsakiyar furen yake tsagewa, inda aka fi rage masa kauri.